Gonar Audugar Da Ta Daina Jin Taki: Nazarin Wata Gona a Ƙasar Funtuwa

Gonar da mai ita, kafin 2017

Gonar tana wani ƙauye a ƙasar Funtuwa, kudancin jihar Katsina. Yanki ne da ya daɗe da sanin kaɗa. Tun zamanin Turawan mulki aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, kuma layin dogon da ya tashi daga Zariya ya bi ta garin har ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya sauƙaƙa fitar da ita. Ruwan sama a nan yakan kai kusan milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba.

Girman gonar hekta 2 ne, kuma ƙasarta iri biyu ce. Rabin da ke tudu jigawa ce mai yashi, ruwa ba ya daɗewa a cikinta. Rabin da ke gangare yana da ɗan laka, yana riƙe danshi. Mai gonar magidanci ne da ya haura shekara hamsin, ya gaje ta daga mahaifinsa. Yana da shanun huɗa biyu, da tumaki da awaki kaɗan, da wata gonar ta daban kusa da gida inda yake shuka masara da dawa.

A zamanin mahaifin, Fulani sukan sauka a gonar da rani, shanu su ci kara su bar kashi da fitsari, a sallame su da dawa. Akwai kuma gawo guda uku a tudun. Ana shuka auduga shekara guda, a bi ta da dawa da wake. Duk waɗannan sun tafi ɗaya bayan ɗaya. An sare gawon biyu. Rashin tsaro da rashin jituwa tsakanin manoma da makiyaya suka kawo ƙarshen saukar shanu. Takin gida da ake samu ba shi da yawa, kuma gonar abinci ake kai wa, tunda ita ce kusa kuma ita ke ci da gida. Daga wajen 2010 sai mai gonar ya koma shuka auduga zalla a hekta biyun, shekara bayan shekara, yana sa buhu 2 na kamfa (takin zamani mai haɗe da sinadarai uku: naitirojin, fosfarus da fotash) da buhu 1 na yuriya a kowace hekta. A shekara mai kyau yakan sami kusan kilo 1,000 na auduga da guryarta a hekta.

Bayan kaka ana tuge itacen audugar a ƙone, ko mata su kwashe su yi girki da shi. Wannan ba sakaci ba ne: tsohuwar doka ce ta noman auduga, don kada tsutsar ƙululu ta sami wurin yin rani. Amma sakamakonsa shi ne gonar auduga ba ta mayar wa ƙasa komai sai ɗan ganyen da ya zuba.

2017: alamun farko

A wannan shekara taki bai yi wuya ba. Shirin gwamnatin tarayya ya kawo kamfa mai lamba 20-10-10, wato kason naitirojin, fosfarus da fotash cikin ɗari, a kan naira 5,500 buhu. Mai gonar ya sa adadin da ya saba. Ya yi shuka a makon biyu na Yuli, bayan ya gama da gonar abinci, kamar yadda yawancin maƙwabtansa ke yi.

Cikin watan Agusta audugar tudu ta fara ɗashewa. Ganyen ƙasa, wato tsofaffin, su suka fara zama rawaya, na sama kuma kore mai haske. Tsiron bai wuce gwiwa da yawa ba, rassan da ke ɗaukar ƙululu gajeru ne, kuma kaɗan. Wannan ita ce siffar yunwar naitirojin: idan sinadarin ya yi ƙaranci, tsiro yakan janye shi daga tsofaffin ganye ya kai wa sababbi, shi ya sa rawayar take farawa daga ƙasa. A ƙarshen Satumba gefen ganye ya fara ƙonewa yana yin ja-ja, ganyen ya zube da wuri. Gangare bai nuna haka sosai ba.

Da aka auna a fuloti, tudu ya ba da kusan kilo 500, gangare kusan 800.

2018: ninka yuriya

Mai gonar ya karanta lamarin daidai ta fuska guda: audugar tana jin yunwa. Sai ya ƙara yuriya zuwa buhu 2 da rabi a hekta, ya rage kamfa zuwa buhu 1 don kuɗin su isa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, tunda kashi 46 cikin ɗari ne, kuma babu komai a cikinsa bayan wannan. Ya watsa ta duka a lokaci guda, mako uku bayan shuka, a saman kunya, ba a rufe ba.

Kwana biyu rana ta buɗe a kan danshi, sannan marka ta kama. Yuriyar da aka bari a fili kan ƙasa mai danshi da zafi, wani kaso nata yakan tashi sama a matsayin iskar amoniya, wannan warin mai yaji da manomi ke ji idan ya shiga gona kashegari. Abin da ya narke ya shiga ƙasa kuma, cikin 'yan kwanaki yakan rikiɗe zuwa siffar da ruwa ke tafiya da ita cikin sauƙi. A jigawa, ruwan Agusta ya gangara da shi ƙasa da inda saiwar tsiro ɗan mako huɗu take kaiwa. Audugar tudu ta yi kore na kusan mako biyu, ta koma gidan jiya daidai lokacin da ta fara fure.

A gangare abin ya zo da wata fuska. Ƙasar ta riƙe takin, har da wanda ruwa ya wanko daga sama. Audugar ta yi tsawo har ƙirjin mutum, ganye baƙi-ƙirin mai faɗi, masu wucewa suna yaba gonar. Amma ta yi ta zubar da ƙananan ƙululu, darɓa da farin ƙuda suka yi yawa a kan ganyen mai taushi, maganin feshi ba ya ratsawa ciki, ƙululun ƙasa suka ruɓe a inuwa. Na sama kuwa ruwa ya ɗauke kafin su ƙosa. Tudu ya ba da kilo 450, gangare 700, an kuma yi feshi sau biyu fiye da na bara.

2019: sabon iri da rance

A wannan shekara an yi ta maganar farfaɗo da auduga. A 2018 Najeriya ta amince da irin auduga mai jure wa tsutsar ƙululu, kuma ana raba iri da taki a kan rance. Mai gonar ya yi zargin irin da yake ajiyewa ne ya tsufa, don haka ya shiga wata ƙungiya ya karɓi sabon iri da taki. Irin ya zo a kan kari, takin bai iso ba sai a cikin Agusta.

Da ya ga takin ba zai wadata ba, sai ya bi shawarar wani maƙwabci ya gauraya yuriyar da tokar murhu don ta yi auki. Toka tana da amfani a gona, tana ɗauke da fotash kuma tana rage tsamin ƙasa. Amma idan aka haɗa ta da yuriya a kan danshi, kaifinta yana hanzarta tashin amoniya. Tsutsa ta ragu a wannan shekara, tsiron dai bai canza ba. Jimillar gonar ta tsaya a wajen kilo 1,200, da ƙyar aka biya bashin.

Rani na 2020: gwajin ƙasa

Ɗan ƙanen mai gonar, wanda ke karatun aikin gona a Zariya, shi ya kawo wani malamin gona ya duba wurin a watan Fabrairu. Malamin bai fara da maganar taki ba. Ya sa aka haƙa rami a kowane rabi. A tudu, ƙasar saman fara ce fat, babu baƙin nan na ruɓaɓɓen ganye, kuma a zurfin kamar taƙi guda akwai wani tauri inda garmar shanu ke tsayawa kowace shekara. An tono tsohuwar saiwar auduga, aka ga ta lanƙwashe gefe maimakon ta nutse.

An ɗebi ƙasa daga wurare da dama a kowane rabi, aka gauraya, aka kai ɗakin gwaji a Zariya. Sakamakon tudu ya nuna ma'aunin tsami na pH 5.3, gangare 5.9; duk yadda lambar ta yi ƙasa, tsamin ya fi yawa. Auduga ta fi son daga wajen 5.8 zuwa sama. Ruɓaɓɓun abubuwan da ke cikin ƙasar tudu ba su kai kashi 1 cikin ɗari ba. Fosfarus ya yi ƙasa a duka biyun, fotash ya yi ƙasa a tudu, wanda ya bayyana ƙonewar gefen ganyen nan ta 2017.

Malamin ya yi wa mai gonar bayani cewa ƙasar irin wannan yanki ba lakarta ke riƙe taki ba, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi ne ke yin yawancin aikin. Idan suka ƙare, zuba yuriya a jigawa kamar ɗiban ruwa ne da kwando. Ya ƙara da cewa yuriya kanta, idan aka daɗe ana sa ta ita kaɗai, tana ƙara wa ƙasa tsami a hankali.

Wani abu da mai gonar bai taɓa lura da shi ba: zaren auduga kusan babu naitirojin a cikinsa. Abin da tsiron ya sha, mafi yawansa yana cikin angurya, sai ganye da itace. Anguryar tana tafiya wurin gurza, a matse manta, a sayar da tunkuzarta ga masu kiwo. Wato ƙarfin gonar yana ƙarewa ne a garken wani.

Shawarar da aka tsayar: a daina auduga a hekta biyun gaba ɗaya, a riƙa karɓa-karɓa da waken suya, a raba taki kashi biyu a binne shi, a yi shuka da wuri, a nemi takin gida ko yaya yake.

Daminar 2020 da ta 2021: waken suya, da kuskuren da ya biyo baya

A 2020 an shuka waken suya a tudu, irin TGx na cibiyar IITA ta Ibadan, wanda ke yin ƙurajen saiwa masu kama naitirojin daga iska tare da ƙwayoyin halittar da ke ƙasarmu ko ba a sa masa magani ba. An sa buhu 2 na supa, wato takin fosfarus. Malamin ya nace a kan wannan, domin waken suya ba ya kama naitirojin daga iska yadda ya kamata idan babu fosfarus. Mako shida bayan shuka aka tuge wasu tsirrai, aka fasa ƙurajen da farce. Waɗanda cikinsu ya yi ja suna aiki, farare da kore ba sa yi. Mafi yawa jajaye ne, amma ba su da yawa.

A gangare an shuka auduga irin SAMCOT na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ranar 24 ga Yuni. An rage tsiro zuwa biyu a rami. Buhu 3 na kamfa 15-15-15 aka sa mako biyu bayan shuka, sai buhu 1 na yuriya a mako na shida, lokacin da ta fara fitar da kan fure. Ana huda rami da sanda ɗan nesa da gindin, a zuba cikin murfin kwalba, a rufe da ƙafa. Aikin ya ci kwana uku da yara huɗu, inda watsawa ba ta wuce wuni guda. Gangare ya ba da kilo 900.

Waken suyan ya yi kyau daidai gwargwado. Aka tuge shi da saiwarsa, aka kai gida aka sussuke, aka sayar da ƙaiƙayin da karan ga wani mai kiwo.

A 2021 auduga ta koma tudu. Mai gonar ya ji ana cewa waken suya yana barin taki a gona, sai ya ɗauka an gama da maganar yuriya. Ya sa kamfa buhu 2, bai sa yuriya ba ko kaɗan. Audugar ta taso da kyau fiye da kowace shekara tun 2017. A tsakiyar Agusta rawayar ta dawo, daga ƙasa kamar dā. An samu kilo 620.

Lissafin a nan mai sauƙi ne. Waken suya yana kama naitirojin mai yawa, amma yana tura mafi yawansa cikin ƙwayar, shi ya sa take da gina jiki. Abin da ya rage wa gona shi ne ganyen da ya zube, da saiwa, da kara. Wanda ya tuge har saiwa ya sayar da karan ya kwashe kusan duk abin da waken ya kawo. Ita kuwa auduga, yunwarta mafi tsanani tana tsakanin fitar kan fure da cikar fure, wajen kwana 45 zuwa 90 bayan shuka, kuma ɗan abin da ganyen waken ya bari ya ƙare kafin nan.

Rani na 2022: ramin taki

Wannan shi ne aikin da ya fi kowanne wahala, kuma shi mai gonar ya fi jinkirta wa. Dā kashin shanunsa yana zube a turke, rana ta gasa shi, kaji su tone, fitsarin ya nutse a banza. Alhali kuwa babban kaso na naitirojin da saniya ke fitarwa a fitsari yake. Aka haƙa rami a inuwa bayan gida. Aka riƙa shimfiɗa ƙaiƙayin waken suya na gangare da yankakken karan masara a turke don su sha fitsari, duk mako a kwashe a zuba a ramin tare da kashin tumaki da shara, a yayyafa ruwan wanke-wanke, a rufe da ƙasa. Tokar murhu aka ware ta daban, aka watsa a tudu tun a watan Afrilu. An kuma sayi amalanke 4 na takin juji daga cikin gari, aka tace leda da kwalabe, wanda shi kansa aiki ne.

Jimillar abin da aka tara bai wuce amalanke 9 ba. Ba zai rufe hekta 2 ba. Malamin ya ba da shawarar kada a watsa shi ko'ina: a zuba cikin kwarin tsohuwar kunya, a yi huɗa a kansa, ta yadda saiwa za ta same shi a ƙarƙashinta. An ba tudu kashi biyu cikin uku duk da cewa waken suya za a shuka a can, gangare ya sami sauran.

Daminar 2022

Yaƙin Rasha da Yukuren ya tayar da farashin taki a duniya. Duk da an buɗe masana'antar yuriya ta Dangote a Legas a watan Maris na shekarar, buhun kamfa ya haura naira 20,000 a kasuwanninmu. Maƙwabta da yawa sun bar auduga, wasu sun shuka ba taki.

Mai gonar ya sa kamfa buhu 2 da yuriya buhu 1 a audugar gangare, a rabe kuma a binne kamar 2020, an yi shuka 20 ga Yuni. An sami kilo 1,100. A tudu, da waken suya ya nuna, an yanke shi da lauje a gindi maimakon a tuge, an sussuke a cikin gonar, aka baza rabin ƙaiƙayin a wurin, rabi aka kai turke.

Daminar 2023: gwajin kunyoyi

Auduga ta sake komawa tudu, inda matsalar ta faro. An ƙara amalanke 6 na takin rami. Kafin huɗa an sa garma ta tsaga ƙasar da zurfi a layin shuka don a fasa taurin nan. An yi shuka 18 ga Yuni. Kamfa 15-15-15 buhu 3 a mako na biyu, yuriya buhu 1, amma an raba ta gida biyu, rabi a mako na biyar rabi a na takwas, saboda yashin. Jimillar naitirojin daga buhu ya kama kusan kilo 45 a hekta. A 2018 an zuba fiye da kilo 60.

Ɗan ƙanen ya roƙi baffansa ya ware kunyoyi don a gani da ido. Kunya goma a gefen gabas ba a sa musu takin rami na wannan shekara ba, amma sun sami kamfa da yuriya. Kunya goma a yamma sun sami takin rami da kamfa, babu yuriya. An tsinke kowane ɓangare daban aka auna. Na gabas ya gaza tsakiyar gonar da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Na yamma ya gaza da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma ganyensa na ƙasa ya yi rawaya a ƙarshen Agusta. Tudun gaba ɗaya ya ba da kilo 1,050, ninki biyu da ɗoriya na abin da ya bayar a 2018. Ganye ya tsaya har Oktoba, an yi tsinka uku.

Hukunci

Gona guda ce, ba gwajin cibiya ba, kuma ruwan sama na kowace shekara daban ne. Duk da haka ana iya rarrabe wasu abubuwa.

Mai gonar ya gane cutar tun 2017, maganin ne ya bayar ba a kan ƙa'ida ba. Abin da ya fi saurin biya, kuma bai ci ko sisin taki ba, shi ne lokaci da binnewa. Gangare ya tashi daga kilo 700 na 2018 zuwa 900 a 2020 tun kafin waken suya ko takin gida su taɓa shi, da ƙarancin yuriya. Wani ɓangare na wannan ƙarin na shukar Yuni ne da sabon iri, don audugar da aka shuka tsakiyar Yuli ba ta da isasshen ruwan da za ta juya taki zuwa ƙululu, ko nawa aka sa mata.

Waken suya kuwa, a ganina ana yi masa yabon da ya wuce ƙima. Amfaninsa a wannan gona na gaske ne, amma ba a matsayin buhun yuriya na kyauta ba. Ya katse jerin auduga kan auduga, ya kawo kuɗin da aka sayi taki da su a shekarar tsada, ya ba da ƙaiƙayin da ya sha fitsarin shanu, supan da aka sa masa kuma ya amfani audugar da ta biyo baya. Malaman gona da ke cewa manoma "wake yana barin taki" ba tare da sun ambaci kara da saiwa ba, su ke jawo irin abin da ya faru a 2021. Kuma ba laifi ba ne manomi ya sayar da harawa idan yana bukatar kuɗi a watan Janairu. Sai dai ya san cewa yuriyar bana ya sayar.

Kunyoyin 2023 sun nuna cewa a jigawar nan takin gida da na zamani ba sa maye gurbin juna. Takin rami bai iya ciyar da auduga lokacin fure ba, domin a hankali yake sakin abin da ke cikinsa. Yuriya kuma ba ta daɗe a ƙasar ba sai da ta sami abin da zai riƙe ta.

Akwai abin da bai warware ba. Tsamin tudu, da aka sake aunawa a farkon 2024, ya matsa ne kawai zuwa 5.5. Toka ba ta isa ba, farar ƙasar gona mai rage tsami kuma ba a samunta a kasuwar ƙauyen. Shanu biyu ba za su iya ba hekta 2 da gonar abinci taki kowace shekara ba, kuma masarar gida ta ɗan ragu a 2022 da 2023 saboda an karkatar da rabonta. Uwargidan mai gonar ce ta fara lura da hakan a rumbu. Kuɗin amalanken juji ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023, tunda masu neman sa sun ƙaru. An dasa gawo guda shida a tudu, huɗu sun rayu, amma za a yi shekaru kafin ganyensu ya taɓuka wani abu. A daminar 2024 mai gonar ya rage audugar zuwa rabin hekta, iya abin da takin raminsa zai rufe, sauran ya raba tsakanin waken suya da dawa.